Wa Ke Jiyyar Masu Jiyya? Abin da Sanƙarau na 1977 Ya Nuna wa Zariya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kuyambana da hantsi cikin watan Maris ya san abin da a ke nufi da bazarar Zazzau. Sanyin hunturu ya janye, amma ƙurarsa tana nan. Iska busasshiya ce, leɓe na tsagewa, yara na haɓo, Dutsen Kufena kuwa sai ka hango shi dishi-dishi kamar an yafa masa farin mayafi. Tsofaffin unguwa ba su bukatar likita ya gaya musu cewa wannan shi ne lokacin sanƙarau. Da zarar an ji yaro na kukan ciwon kai, jikinsa ya yi zafi, wuya ya ƙi sunkuyawa, sai hankalin gida ya tashi, a nemi abin hawa a nufi asibiti, ko Ƙofar Gayan, ko Wusasa, ko can Shika.

Daga nan labarin da mu ke ji a zaure na maras lafiya ne: ya tashi, ko ya kurmance, ko kuwa Allah Ya karɓi abinsa. Ba safai mu kan tambayi halin da wadda ta karɓe shi a bakin ɗaki ta ke ciki ba, ko ta yi barci jiya, ko ta sa wani abu a bakinta, ko akwai ruwan wanke hannu a inda ta ke aiki. Nas-nas ɗin nan, maza da mata, ba daga sama suka faɗo ba. Waɗansunsu maƙwabtanmu ne a cikin birni, ta ƙofofin nan su ke fita da asuba, ta nan su ke komowa, wani lokaci sai gari ya sake wayewa. A kansu mu ke so mu yi magana yau, kuma da malaman ofis da malaman makaranta mu ke, domin za mu nuna cewa da yawa daga abin da ke raya nas ko ya kashe ta a lokacin annoba a kan teburinsu ya ke bi.

Sanƙarau tsohon baƙo ne a ƙasar nan. Tun 1905 likitocin Turawa suka rubuta labarin ɓarkewarsa a Zungeru. A annobar 1949 zuwa 1950 an ƙidaya sama da mutum 90,000 da suka kamu a Lardunan Arewa, sama da 14,000 suka rasu, ban da waɗanda aka binne a ƙauyuka ba tare da labari ya kai ofishin En'e ba. A 1963 wani likitan Faransa mai suna Lapeyssonie ya zana iyakar ƙasashen da cutar ta fi addaba, watau ɗamarar da ta ratsa Afirka kudu da Sahara, aka ga Zazzau da Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi duk suna cikinta tsundum. Amma annobar da aka fi bin diddiginta a Zariya ita ce ta 1977, domin a lokacin akwai likitoci masu bincike a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Tudun Wada, irin su Likita Brian Greenwood da Likita Hilton Whittle, waɗanda suka rubuta kome da kome. Asibitin bai koma Shika ba sai 2005.

Ga abin da suka rubuta. Cikin wata uku an kwantar da mutum 1,257 masu wannan cuta. Ta fara ne a ƙarshen rani, sa'ad da zafi da ƙura suka yi tsanani, ta kuma kau jim kaɗan bayan saukar ruwan sama. Yara 'yan shekara 5 zuwa 14 suka fi kamuwa, maza sun fi mata, gidajen masu hali kuwa ba ta cika shigarsu ba. Wannan na ƙarshe ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda a ke kwana a cunkushe cikin ɗakuna marasa taga a lungunan birni.

To, malaman lissafi, ku ɗauki alli. Mutum 1,257 a kwana 90, ya kama kusan mutum 14 ke nan ko wace rana, sababbi, bisa waɗanda ke kwance tun jiya da shekaranjiya, bisa kuma masu haihuwa da masu karaya da masu ƙyanda, waɗanda ba su daina zuwa ba don an yi annoba. Maganin wancan zamani shi ne allurar fenisilin ko kuloramfenikol, ana maimaitawa bayan ko wace awa huɗu ko shida, dare da rana, kwana da kwanaki. A misali, in akwai mutum 100 kwance, ko wanne na bukatar allura huɗu a yini, allura 400 ke nan. Ko wace ɗaya sai an haɗa ta, a nemo mai ita, a danne shi in yana fizge-fizge, a yi, a rubuta. Kafin nan an riga an tanƙwara shi an riƙe don likita ya ɗebi ruwan ƙashin bayansa a auna. Bayan nan ga juya wanda ya suma kada kwanciya ta ci jikinsa, ga share amai, ga sa ƙarin ruwa, ga amsa tambayar uwa wadda ta tare hanya tana kuka. Likita ya kan zaga ya rubuta ya wuce wani ɗaki. Nas ita ke nan har a karɓe ta, in akwai mai karɓa.

Abin da irin wannan aiki ke yi wa jikin ɗan Adam sananne ne. Wanda ya kwana biyu bai runtsa ba, hannunsa na rawa, idonsa na gani biyu-biyu, lissafin awon magani na kuɓuce masa. A nan ne allurar da aka zare daga jikin maras lafiya ta kan soki yatsan mai yin ta. A nan ne a kan manta wanke hannu tsakanin gado da gado. Ga zafin bazara, mutum na zufa bai sami sukunin shan ruwa ba. Ga ciwon baya na ɗaga manya. Ga kumburin ƙafa na tsayuwa. Jiki magayi. Nas ɗaya in ta kwanta, aikinta ya koma kan sauran, su ma su matso kusa da kwanciya.

Saboda haka mu a ganinmu babbar kyautar da aka yi wa nas-nas a annobar 1977 ba kuɗi ba ce, ba kuma lambar girma ba. Allura ce. Likitocin Zariya, cikinsu har da Likita S. S. Wali, suka gwada wani irin kuloramfenikol da aka dama da mai, wanda in an yi shi sau ɗaya ya kan daɗe yana aiki a jiki. Suka tarar allura guda ɗin nan tana warkar da mafi yawan masu sanƙarau kamar yadda allurai masu yawa ke yi. Sakamakon ya fito a 1979. Ku koma kan allonku: allura 400 a yini ta koma allura 14 na sababbin zuwa, da 'yan kaɗan na waɗanda ke bukatar a maimaita musu. Ashe disfensa guda a ƙauye zai iya abin da dā sai babban asibiti. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan hanya, aka yi shekaru ana amfani da ita a duk ƙasashen ɗamarar nan. A 2003 aka gwada wani magani, seftiriyazon, a ƙasar Damagaram, aka ga bai gaza na man ba. Yau shi a ke bayarwa, sau ɗaya a yini har kwana biyar. Ba mu cika jin ana ambaton Tudun Wada in ana wannan zance ba.

Gaskiya ta fi kwabo, sai mu faɗe ta: sanƙarau bai cika kama ma'aikatan asibiti ba kamar yadda jama'a ke zato. Ƙwayar cutar tana zaune ne a maƙogwaro da bayan hanci, mutane da yawa na ɗauke da ita ba su sani ba, kuma ba ta daɗewa a raye in ta bar jiki. Sai an kusanci numfashin mutum ƙwarai ta ke ƙetarawa. Hatsarin yana kan wadda ta sunkuya ta zuƙe majinar wanda ya suma, ko ta sa masa bututun numfashi, fuskarta a buɗe. Takunkumin rufe hanci da baki ya isa ya tsare ta, in kuwa abin ya riga ya faru, ƙwaya ɗaya ta sifurofulozasin ta kan wanke maƙogwaro. Maras lafiya kuma in ya yi awa 24 a kan maganin da ya dace, an daina jin tsoron ya harbi wani. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne 'yan ɗakinsu da suka kwana tare. Shi ya sa likitocin nan na Zariya suka gwada yi wa mutanen gidan maras lafiya rigakafi, suka ga ya tsare su. Watau a annobar sanƙarau gajiya ce babbar abokiyar gābar nas, ƙwayar cuta na biye.

Akwai cutar da abin ya ke akasin haka, kuma a Arewa aka fara saninta. A watan Janairu 1969 wata nas ta mishan, Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi a garin Lassa na ƙasar Barno. Aka ɗauko ta a jirgin sama zuwa asibitin mishan na Jos, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jiyyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan rauni a yatsa, ƙayar fure ce ta soke ta, da wannan hannu kuwa ta share bakin maras lafiyar. Ita ma ta kwanta, ta rasu cikin Fabrairu. Ta uku, Lily Pinneo, wadda ta yi jiyyar su biyun, ta kamu, aka kai ta Amurka, ta yi makonni tsakanin rai da mutuwa kafin ta tashi. A shekara mai bi, 1970, Likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, ta bi su. Mutum uku na farko da duniya ta sani da zazzaɓin Lassa duk nas-nas ne. Ɓera ke ɗauke da cutar a gida, amma a asibiti jini da fitsari da amai ke kai ta, kuma tun ranar farko ba ta da wata alama da ta raba ta da zazzaɓin sauro. Wanda ya tashi ma, sau da yawa ya kan tashi da kurumta. Ku dubi nas wadda kunnenta ya mutu: da me za ta saurari ƙirjin yaro, ko kiran wanda ke can ƙarshen ɗaki da dare? Ba tsohon labari ba ne. A Janairu 2020 cutar ta kashe likitoci biyu a Asibitin Malam Aminu Kano bayan sun yi wa wata mai ciki aiki.

Haka aka gani da Ebola. Sa'ad da Patrick Sawyer ya sauka Ikko ran 20 ga Yuli 2014, Likita Stella Adadevoh ce ta hana shi fita daga asibiti, ita da nas Justina Ejelonu suna cikin mutum 8 da suka rasu daga 20 da suka kamu a Nijeriya. A Gini da Laberiya da Saliyo ma'aikatan lafiya sama da 800 suka kamu, sama da 500 suka rasu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da rabin waɗanda suka kamu ɗin nas-nas ne da mataimakansu. A zamanin korona hukumar ta ƙiyasta ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 ne suka rasu a duniya daga Janairu 2020 zuwa Mayu 2021. Abin da ke tsare mutum daga waɗannan duka ba wani abin al'ajabi ba ne: safar hannu, takunkumi, rigar leda, sabulu, ruwan famfo, akwatin zuba tsinin allura, da ɗaki na dabam da za a keɓe wanda a ke tuhuma.

Sai ciwon da ba ya fita a ma'aunin zafi. Nas ta birni ba baƙi ta ke jiyya ba. Yaron da ya cika a hannunta da asuba watakila ɗan maƙwabciyarta ne, ta ci tuwon sunansa. Ba ta da lokacin kuka, gado na gaba na jira. In ta tashi aiki ta shigo ta ƙofar gari, tana tafe tana tunanin abin da ta ɗauko wa 'ya'yanta a jikin rigarta. Ƙaramin ya rugo da gudu, ta ce masa ya dakata sai ta yi wanka. In annoba ta yi suna, sai maƙwabta su fara janye jiki, a hana yara shiga gidanta, mai abin hawa ya ga farin kaya ya ƙi tsayawa. A asibiti kuma, in an yi rashi, kanta 'yan jiyya su ke sauke fushinsu, tun da ita ce a gabansu, ba wanda ya ƙi sayen magani ya ajiye a sito ba. Likitoci yanzu sun tabbatar cewa rashin barci, da faɗuwar gaba, da baƙin ciki mai daɗewa sun kan bi ma'aikatan jiyya watanni bayan annoba ta wuce. Mu kuwa mun saba mu ce musu sai haƙuri, mu ɗauka mun biya.

Wani zai ce ai aikin lada ne, kuma haka ne. Rufaida ta ƙabilar Aslam ta kafa tanti a masallacin Madina tana jiyyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Gwalalo. Turawa kuma suna alfahari da Florence Nightingale, wadda ta tafi jiyyar sojan Ingila a yaƙin Kirimiya a 1854, har a ke bikin ranar nas-nas ran 12 ga Mayu don haihuwarta. Abin da ba a cika faɗa wa 'yan makaranta ba shi ne, a 1855 ita kanta zazzaɓi ya kama ta a can, ta koma gida ta yi shekaru da yawa tana fama da jiki. Lada na wurin Allah, amma haƙƙin ma'aikaci na wuyan wanda ya ɗauke shi aiki.

To, yaya mu ke biyan wannan haƙƙi? Shekara da shekaru kuɗin hatsari da Gwamnatin Tarayya ke ba ma'aikacin asibiti naira 5,000 ne a wata, ba a ƙara ba sai ƙarshen 2021, bayan korona ta yi ɓarnarta. A Fabrairu 2024 magatakardan Majalisar Nas-nas da Ungozomai ta Nijeriya ya ce kimanin nas 42,000 suka bar ƙasar nan cikin shekara uku. Ba mu ga laifinsu ba. Amma duk wadda ta tafi Ingila ko Saudiyya, gadajen da ta ke dubawa suna nan, an raba wa waɗanda suka rage. In aka sake yin irin ta 1996, wadda ta kama sama da mutum 109,000 a Nijeriya ta kashe sama da 11,000, ta kuma zo tare da ƙyanda da kwalara a Kano, da hannuwa nawa za a tare ta?

Nan ne zance ya iso kanku, malaman ofis. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, akawun Baitulmali ne ke rubuta albashin disfensa da na duba-gari, shi ne kuma ke biyan kuɗin maganin da za a aika gunduma. Sunan ofis ya sāke, aikin bai sāke ba. Takardar neman safar hannu da ta kwana wata biyu a cikin tire, sa'an nan aka ce a sake rubuto ta domin an yi kuskuren lamba, ita ce hannun nas da ya taɓa jini ba kariya. Baucar alawus ɗin dare da aka ajiye sai wani ya zo ya yi gaisuwa, ita ce kuɗin motar da za ta kai ta aiki. Mai sito da ya jira sai kwali na ƙarshe ya ƙare kafin ya rubuta, ya riga ya makara, domin lokacin annoba kowa nema ya ke, kaya kuwa tsada su ke yi. Tun da an san watan zuwan sanƙarau kamar yadda manomi ya san watan shuka, kamata ya yi a ƙidaya kaya tun Disamba, a gyara rijiya da tankin ruwa, a rubuta sunayen nas-nas da suka yi ritaya a cikin gari waɗanda za a iya kira, a kuma tsara jerin aiki yadda ba wanda zai haɗa dare da yini. Ɗan ɗakin da za a kishingiɗa, da tulun ruwan sanyi, da abinci mai zafi a tsakar dare, ba su kai kuɗin taya ɗaya ta motar ofis ba.

Ku kuma malaman makaranta, 'yan shekara 5 zuwa 14 ɗin nan a gabanku su ke zaune. Yaron da aka kai asibiti ranar da ya fara, allura ce da kwana kaɗan. Wanda aka ajiye kwana uku ana masa turare da tsaga sai ya suma, shi ne ke cinye daren nas biyu, kuma sau da yawa a banza. Littafin kiran suna shi ne ma'aunin farko na annoba: in yara biyu ko uku na aji ɗaya ko unguwa ɗaya suka ɓace da zazzaɓi da ciwon wuya cikin mako guda, a sanar da ofishin lafiya a ranar, kada a jira Jumma'a. A makarantun kwana da na allo a buɗe tagogi, a rage cunkoso, a bar yara su kwana a fili in zafi ya yi yawa. In kun ji ana tsokanar wani yaro don uwarsa na aiki a ɗakin masu annoba, ku tsawata a gaban aji. Kuma ku riƙa tura 'yan mata masu ƙoƙari makarantun jiyya, na Zariya da na Wusasa, domin matan birni sun fi sakin jiki da wadda ta san harshensu da kunyarsu.

Saura magana ɗaya, ta rigakafi. Irin sanƙarau da ya yi ɓarna a 1977 da 1996, wanda likitoci ke kira rukunin A, ya kusa ɓacewa tun da aka fara allurar MenAfriVac a Nijeriya a ƙarshen 2011. Sai rukunin C ya maye gurbinsa, ya kama sama da mutum 14,000 a 2017, musamman a Zamfara da Sakkwato, ya kashe sama da 1,100. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara aiki da sabuwar allura, Men5CV, mai tsare rukuni biyar gaba ɗaya. Amma gangamin allurar nan, tsohuwa da sabuwa, na 'yan shekara 1 zuwa 29 ne. Babbar sista mai shekara 45, wadda ita za a tasa da dare ta sa wa yaro bututun numfashi, ba ta cikin wannan lissafi sai in asibitinta ya yi mata tanadi na musamman, ita da allurar ciwon hanta da ta kamata a yi wa duk mai taɓa jini tun ranar da ya kama aiki. Muna roƙon hukumomin lafiya na Jihar Kaduna da na Ƙaramar Hukumar Zariya su buɗe rajista ta ma'aikatan ko wane asibiti da ɗakin shan magani, daga sista har mai shara da mai wankin zannuwan gado, a rubuta wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba, a kuma gama kafin ƙurar Janairu ta taso.